Wa Zai Datse wa Tsonka Bakin Gashi

A ƙauyenmu na Kalnik, in aka ce gashi to Tsonka ake nufi. Ba kyau gare ta ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Hancinta kamar an dasa dankali a tsakiyar fuska, muryarta kuwa in ta ɗaga ta, karnukan layi ne ke fara yin shiru. Amma in ta cire kallabi ta saki jelar nan guda ɗaya da take tufkewa, sai ka ga ta sauka har bayan gwiwa, kauri kamar damtsen yaro, baƙa wuluk a da, daga baya ta koma ruwan toka ba tare da ta rage ko kaɗan ba. Mijinta Dimo, Allah ya ji ƙansa, in ya sha giyar rakiya ta kai masa, yakan ce shi gashin ya aura, matar gyara aka ba shi.

Gashi irin wannan ba a banza yake zama ba. Ruwan sama take tara masa a ganga, ba ya shan na famfo. Gwaiduwar ƙwai yake ci, har a shekarun da 'yarta Radka ke tsaye tana kallon ƙwan tana haɗiyar yawu. Sai dai duk gatan da ka yi wa dogon gashi, bakinsa sai ya tsage. Sili ɗaya ya rabu biyu, ƙarshen ya yi fari ya bushe kamar gemun masara, in ba a datse ba tsagewar ta yi ta hawa sama tana cin gashin. To a nan maganar take.

A wurinmu mutum ba ya sa wa kansa almakashi. Wanda ya yanke gashinsa da hannunsa, kwanakinsa yake ragewa, wannan ko wace tsohuwa ka tasa daga barci za ta faɗa maka. Uwa ba ta yanke wa 'yarta, kada ta yanke mata sa'a. 'Ya ba ta yanke wa uwa. Namiji kuwa ko kusa. Sai dai a samo wata mace daga waje mai hannun albarka, kuma sai wata ya tsaya yana ƙaruwa, don gashin ya bi shi. In aka yanke wata na raguwa, gashi ya dinga zuba ke nan. Abin da ya faɗi ƙasa kuma a share shi tas a jefa a murhu, kada shamuwar da ke kan turken lantarki ta ɗauka ta yi sheƙa da shi, ki yi ta fama da ciwon kai har ta tashi. Uwar Tsonka ta cusa mata wannan tun tana 'yar mitsitsiya, ya zauna mata fiye da duk abin da fada ya karanta a coci.

Hannun albarkar Tsonka yana bayan shingenta. Minka, matar Kolyo, 'yar ƙaramar mace mai saurin baki, wadda gashin kanta duka in aka tattara bai fi saiwar tafarnuwa ba. Kusan tare aka kawo su layin nan suna amare, tare suka tsaya a masana'antar gwangwani suna cire wa barkono 'ya'ya har ranar da aka sa wa masana'antar kwaɗo. Da bazara sau ɗaya, da kaka sau ɗaya, in jinjirin wata ya fito, washegari da hantsi za ka ga Tsonka ta ɗauki 'yar kujera da mataji da almakashin ɗinkinta, ta bi ta ɓarakar da ke jikin shinge, ta zauna ƙarƙashin rumfar inabin Minka ta ba ta baya.

Daga kan titi muna jin su.

"Zauna daidai, jaka. Kina ta motsi kamar tururuwa ta shige miki siket."

"Yatsa biyu na ce, Minka. Kuma naki ƙanana, ba na Kolyo ba."

"Da ni ce da wannan igiyar, da tuni na ɗaure akuya da ita."

"Da ke ce da ita, da Kolyo bai riƙa leƙen gidanmu ta kan shinge ba."

"Kabewarku yake leƙe. Ita ce mai fasali a gidanku."

Minka takan jiƙa gashin ta taje shi a hankali daga ƙasa zuwa sama. Sai ta ware ɗan kashi ta murɗa shi kamar za ta tufka igiya, tsagaggun bakunan su miƙe tsaye a jikinsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙyas, ƙyas da bakin almakashi. In ta gama da wannan, ta sa Tsonka ta miƙe tsaye, ita ta durƙusa ta daidaita ƙasan, yatsa biyu ba ƙari. Ladanta kofin gahawa ne da yankin banitsa, gasasshiyar wainar fulawa mai cuku, wanda kullum takan ce gishiri ya yi yawa, kullum kuma takan cinye.

Aikin bai kai ya ɗauki rabin safiya ba, amma sukan kai azahar. Abin da mace ba za ta iya faɗa ido cikin ido ba, takan faɗe shi in ta ba da baya. A kan kujerar nan Tsonka ta fara cewa likitan gari ya taɓa cikin Dimo ya yi shiru. A nan Minka, tana ɓoye a bayan gashin, ta faɗi ainihin abin da ya sami haƙorinta na gaba, wanda duk gari aka ɗauka ƙofar rumbu ce ta karya shi. In muryoyin suka yi ƙasa, mu na kan titi mun san an wuce wurin da ake jin daɗin saurare, sai kowa ya kama gabansa.

Haka suka yi shekara arba'in da ɗoriya. A tsakanin nan ƙauyen ya tsiyaye. Aka rufe makaranta, aka rufe shago, burodi ya koma zuwa a mota. Radka ta tafi Sifen tana wanke tsofaffin wasu. Tisho ɗan Minka ya koma birni. Dimo ya kwanta ya ƙi tashi, aka manna takardar rasuwarsa a ƙofar gida da hotonsa yana harara, kamar wanda aka ci bashinsa. Abin da bai canja ba shi ne 'yar kujerar nan da ɓarakar shinge.

Sai wata kaka, bayan an gama gasa barkono, layin duka yana ƙamshin hayaƙi. Minka ta durƙusa za ta daidaita ƙasa, almakashin ya yi tsalle a hannunta ya ci gashin a karkace, sama da taƙi guda. Ta yi ƙoƙarin gyara ɗaya gefen ya zo daidai, ya sake tsalle. Tsonka ta ji kanta ya yi wani irin sauƙi da ba ta saba ba, ta waiga. A ƙasa ga wani curi kwance kamar jelar doki.

"Mene ne wannan?"

"Almakashinki ne ya dakushe," in ji Minka, ta tura hannuwanta ƙarƙashin gyauton aikinta.

"Jiya na wasa shi."

"To ke kika motsa."

Tsonka ta miƙe. Ta tsince gashin, ta ɗauki kujerarta, ta bi ta ɓaraka. Da ta jefa shi a murhu ta yi kukanta ta share ido, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai ta naɗe shi a jarida ta ajiye. Ranar da motar burodi ta zo, matan layi sun yi jerin gwano a gindin turken shamuwa, ta iso ta warware jaridar ta ɗaga shi sama kamar mafarauci ya kashe dila.

"Ku ga aikin hassada. Shekara arba'in tana haƙonsa, ta samu. Ina laifinta, mai kai kamar gwiwa, kullum tana taje na wata."

Minka na cikin layin, ta uku ko ta huɗu. Fuskarta ta yi fari, sannan ta yi ja. Mun san bakinta, mun san ba zai dawo hannu wofi ba.

"Gashi ne fa, Tsonka," ta ce a hankali. "Ba Dimo ba ne. Shi gashi zai dawo."

Zlatko direban motar ya ce shi a ranar bai san wa ya ba canji wa ya hana ba. Da yamma aka ji bugun guduma. Tsonka ce, da kanta, tana toshe ɓarakar shinge da tsohuwar ƙofar akurki.

Kafin ƙanƙara ta sauka kowa ya gane abin da ya faru. Kofin gahawa a hannun Minka ya fara kaɗa faranti kamar ana buga ƙararrawa. A coci kyandir ɗinta sai wata ta kunna mata. Hannun dama ne ya fara, na hagu ya bi. Ita dai ba ta taɓa buɗe baki ta ce ciwo ne ba, gara a ce mata muguwa da a ce mata abin tausayi. Tsonka ma ta gani, don shingen ba bango ba ne. Ta ga Minka ta tsaya a tsakar gida tana kokawa da maɓallin riga har ta haƙura ta bar shi a buɗe. Ta sani sarai ba hassada ba ce. Amma akwai maganar Dimo, wadda ta zauna mata a maƙogwaro. Akwai kuma jaridar nan da ta warware a gaban mutane. Wanda ya yi shela a gindin turke, a gindin turke zai je ya janye, Tsonka kuwa gara ta haɗiye almakashin.

Gashi bai san ana gaba ba. Ya ci gaba da tsiro, bakinsa ya ci gaba da tsagewa.

Wa ya rage? Akwai tsohuwa Zlata a ƙarshen layi, mai ido ɗaya, wadda in ta yaba wa tumatir ɗinki da safe, da yamma ki tarar ya kwanta. Wannan ba hannun da za a miƙa wa kai ba ne. Sauran mata biyu uku da suka rage duk sun ji abin da aka yi wa Minka a bainar jama'a, kowacce ta ce ita idonta ba ya gani sosai. Sau ɗaya Tsonka ta hau bas ta je gari wurin masu gyaran gashi. Wata yarinya mai shuɗin kai tana taunar cingam ta ɗaga jelar da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen maciji.

"Kaka, wannan ai a sare shi zuwa kunne ki huta. Duk tsofaffi haka suke yi yanzu."

"Uwarki ma haka ta yi?"

"Eh mana."

"Ya nuna," in ji Tsonka, ta ɗaura kallabinta ta fito.

Daga nan ta shiga yi wa dokar wayo. An ce kada mutum ya yanke, ba a ce kada ya tsinke ba. Sai ka gan ta a bakin ƙofa da rana, ta jawo jelar kan cinya, ta sa tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, tana bin silin gashi tana tsinke bakinsa da farce. Da farce ya gaji ta koma haƙori, ga haƙoran na roba. In ka tsaya ka gaishe ta, ta tofar da gashi ta ce, "Cizo ne, ba yanka ba." Wanda aka tsinke da farce kuwa ya fi saurin sake tsagewa, ƙasan jelar ya koma kamar tsohon buroshin fenti.

Sai ta tuna kakarta takan ƙona bakin gashi da kyandir. Ta sayo siririn kyandir na coci, ta murɗa kashi ɗaya, ta bi shi da harshen wuta. Na farko ya yi. Na biyu ya yi. A na uku iska ta taso, wuta ta kama ta haura, da ƙyar ta tsoma shi a gangar ruwan sama. Layin duka ya ɗauki ƙauri kamar ana babbakar alade a jajiberin Kirsimeti.

Daga bayan shinge aka ji Minka tana yi wa kajinta magana, da ƙarfin da za a ji a coci.

"Ku shiga ciki, 'ya'yana. Yau wani gida ana babbaka, kada a haɗa da ku."

Tsonka ta juya wurin kyanwarta. "Kin ji ko? Akwai masu zuba wa kaji masara rabi a ƙasa rabi a takalmi, amma bakinsu bai taɓa rawa ba."

Haka suka koma. Shekaru suna magana kullum, amma ta bakin kaji da kyanwa. Kajin Minka sun san farashin magani, sun san Tisho bai kira ba. Kyanwar Tsonka ta san za a yi sanyi, ya kamata masu hankali su rufe inabinsu.

Radka takan zo da rani, ta yi 'yan makonni tana ƙorafin ƙuda. Wata shekara ta ga uwarta tana cizon gashi a bakin ƙofa, ta ajiye jakarta.

"Mama, don Allah kawo almakashin nan. Can kullum ni nake yanke wa tsofaffi, ba wadda ta mutu a hannuna."

"Su ba su haife ki ba."

"To ki je ki ba Inna Minka haƙuri."

"In ba ta haƙuri ta yanke min da me? Da ƙafa?"

"Ashe kin san ba da gangan ta yi ba."

"Na san an yi miki miyar wake tana hucewa."

Shekarar da ta biyo baya Radka ta kawo wani mai a 'yar kwalba mai ruwan zinariya, wai yana liƙe tsagaggen gashi. Tsonka ta shafa har ya kusa ƙarewa, babu silin da ya liƙe. Sauran ta ɗiga wa ƙyauren ɗaki, kuma gaskiya ya daina kuka.

Da Kolyo ya mutu, Tsonka ta je maƙabarta ta tsaya can gefe, ta karɓi dafaffiyar alkamar sadaka ta ci, ta ce Allah ya gafarta masa, ga iska ta faɗa ba ga matarsa ba. Amma bayan 'yan kwanaki aka fara ganin tukunyar Tsonka a kan turken shinge da rana tsaka. Miyar wake, wani lokaci dafaffen kabeji. Zuwa yamma tukunyar ta dawo wurin a wanke, ko da yake wankin mai rawar hannu ne, sai an sake. Kaji suka ji cewa wasu ba su san an ƙirƙiro gishiri don a ɗanɗana ba ne, ba don a kashe mutum ba. Kyanwa ta ji cewa wanda bai so ya bari.

A wannan kakar Tsonka ta yanke shawara. Ba za ta je gindin turke ba, ba kuma za ta ce yi haƙuri ba, bakinta bai iya wannan lanƙwasar ba. Abin da za ta yi, in wata ya tsaya, ta ɓalle ƙofar akurkin nan, ta ɗauki kujera da mataji da almakashi, ta je ƙarƙashin rumfa ta zauna ta ba da baya. Shi ke nan. Minka ba jaka ba ce, za ta gane. Ko sili goma ta iya datsewa, ya isa. Ta wasa almakashin a gindin faranti, ta sayi cuku na banitsa. Da ta duba sama da yamma, wata ya riga ya wuce cika ya fara cinyewa ta gefe. Ba komai, ta ce wa kyanwa, wanda ya jira shekaru zai jira wannan.

Ana haka Minka ta faɗi a bakin rijiya. Ba ta karye ba, amma labari ya kai birni. Ranar Asabar da safe sai ga motar Tisho da matarsa, da kwalaye.

Tsonka ta fito da tsintsiya tana share ƙofar gidanta, wadda ta riga ta share. An fito da Minka an zaunar da ita a kan benci a bakin titi, cikin babbar rigar sanyi, ana jiran a gama loda kaya. Kallabinta ya zame baya. Matar Tisho ta riga ta bi ɗan abin da ke kanta da injin aski, wai zai fi sauƙin wanki. Hannuwanta na kan cinya suna tsalle kamar kazar da aka yanka.

"Ke," in ji Minka. Ba kaji a kusa. "Juyo in gani."

Tsonka ta tsaya da shara. Sannan ta juya baya, ta zame kallabi, jelar ta sauka.

"Tsintsiyar hannunki ta fi shi kyan baki. Wa ya yi miki wannan, ɓera?"

"Haƙorina."

"Ɗauko almakashin."

Tsonka ta juyo. Idonta ya sauka a kan hannuwan nan, ta ɗauke shi, ya sake komawa.

"Wata na raguwa," ta ce.

"Na sani. Ni ma akwai taga a ɗakina."

"Saura kaɗan ya tsaya. Na wasa almakashi, na sayi cuku. Ki ce wa Tisho ya bar ki zuwa lokacin, ko ya dawo da ke."

"Tisho, ka ji. Wai ka dawo da ni in wata ya tsaya."

Tisho na fama da katifa a bayan mota, ko waigowa bai yi ba. "Inna Tsonka, hanyar nan taku cin taya take. Sai dai ko da Ista, in an samu hali."

"Kin ji," in ji Minka. "Yatsa biyu ne kawai. Ki tsaya nan, ki miƙo hannu baya ki riƙe min gwiwar hannu, ba zai yi tsalle ba. Kafin ya ɗaure katifar nan mun gama."

Almakashin na kan tebur, daga ƙofa ana hango shi. Tsonka ta ji ƙafarta ta ɗaga za ta tafi. Sai ta ji muryar uwarta, ta hango gashin yana bin mataji curi-curi duk tsawon hunturu. Ta kuma hango abin nan kwance a ƙasa kamar jelar doki. Miji ya tafi, 'ya ta tafi, haƙora sun tafi, abin da ya rage mata wanda mutane ke waigowa su kalla shi ne wannan. Ita kanta ba za ta iya rantsuwa a kan wanne ne ya riƙe ƙafar ba, watan ko hannun.

"Ba a yi wata na raguwa, Minka. Ke ma kin sani."

Minka ta dube ta, ta yi 'yar dariya ta wurin giɓin nan na gaba.

"To ki jira shi. Shi ba inda za a kai shi."

Aka ɗaga ta aka sa a kujerar baya tsakanin kwali da fitilar tebur. Matar Tisho ta miƙa wa Tsonka mabuɗin akurki ta ce ta yi yadda ta ga dama da kajin. Motar ta tashi. Minka ba ta ɗaga hannu ba, ko ta ɗaga ma ba mai iya bambancewa.

Bayan 'yan kwanaki wata ya tsaya, siriri, fes, a saman rumfar da ba kowa. Tsonka ta gasa banitsar don kada cuku ya lalace, ta ci yanki ɗaya, sauran kaji suka samu.

Ba a kai Ista ba. Shamuwa ma ba ta dawo ba tukuna, Tisho ya zo shi kaɗai ya manna takardar rasuwar uwarsa a ƙofar gidan, ya ce an binne ta can birni, ya fi musu kusa da ziyara. Hoton da suka sa na wani biki ne, ta rufe baki saboda haƙorin, ba ta yi kama da kanta ba ko kaɗan. Tsonka ta sa tabarau biyu ta karanta takardar daga sama har ƙasa, har sunan maɗaba'ar, sannan ta shiga gida.

Washegari da hantsi muka gan ta a tsakar gidanta. Ta jiƙa gashin ta taje, ta raba shi biyu, ta jawo kowane rabi ta kan kafaɗa zuwa gaba, ta ɗaure ƙasansa da zare. Ta ɗauki almakashi ta datse na dama, ta datse na hagu. Ba ta duba sama ba, ba ta tambayi kowa kwanan wata ba. Ta share ta kai murhu, don ita har yanzu ba ta son ciwon kai.

Tun daga nan haka take yi, duk lokacin da ta ga baki ya tsage, wani lokaci ma bai tsage ba. Kwanakin da aka ce za su ragu kuwa, mu dai ba mu ga alama ba. Ta binne Zlata, ta binne fada, ga dukkan alamu mu ma tana jiranmu. Sai dai mai yanke wa kansa daga gaba ba ya ganin abin da ya yi a baya. In ta mayar da gashin, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ta gyara wannan wancan ya fi, ta gyara wancan. Jelar da ke taɓa bayan gwiwa yanzu da ƙyar take kai ƙugu.

Ran nan ta zo motar burodi, kallabi ya zame, Zlatko ya leƙo ta taga. Shi ma ya tsufa, amma bakinsa bai yi hankali ba.

"Inna Tsonka, wa ya yi miki aski? Hagun ya fi dama da kusan taƙi. A kai shi ƙara."

"Da gaske?"

"Na rantse. Kamar an ja layi a cikin mota tana gudu."

Ta kai hannu baya ta laluba, ba ta kai wurin ba.

"Ni ban taɓa ganinsa ta baya ba," ta ce. "Faɗa min ake yi."

Zlatko ya miƙo mata burodi guda kamar kullum. Ta tura masa shi.

"Raba shi biyu. Guda bushewa yake yi."